Sakan Arba'in da Biyar a Gonar Baban Ladi

Ranar Talatar da ta wuce ina tsaka da tace bidiyon wani biki, sai ga ɗalibai huɗu sun shigo shagona a unguwar Rikoto da ke Zuru, maza uku da mace ɗaya. Suka gaishe ni a tsaitsaye, babbansu ya miƙo mini waya.

"Anti Rahila, ɗan aiki ne ƙarami. Tiza ce ta fim ɗinmu, sakan arba'in kawai. Mun riga mun ɗauka, haɗawa za ki yi ki sa kiɗa. Za mu jira."

Wai za su jira, kamar masu sayen ƙosai. Na dube su, na dubi wayar, na ce su nemi benci su zauna. Abin da na faɗa musu ranar shi ne nake rubutawa a nan, domin na gaji da maimaita shi ga duk wanda ya sayi waya mai kyamara uku ya ɗauka ya zama darakta.

Ga wanda bai sani ba, tiza ita ce ɗan guntun tallan da ake saki kafin fim ya fito, wani lokacin ma kafin a ɗauki fim ɗin. Aikinta ta ɗanɗana wa mutum ta janye, ta bar shi da kwaɗayi. Ku yaran yanzu gani kuke tunda gajera ce, sauƙi gare ta. Ni kuwa na tace bikin da ya ci awa shida ban yi gumi ba, amma sakan arba'in da biyar sun kusa raba auren ƙawata.

A wurin Oga Emeka na koyi aikin. Mutumin kudu ne, shagonsa na ɗaukar hoto da bidiyo yana kusa da kasuwa, kuma ya daɗe a Zuru har ya fi ni sanin dangin kowa. Ina shekara ta biyu a karatun aikin jarida aka tura mu koyon aiki, na faɗa hannunsa. Wata guda cur bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Naɗe waya nake yi yadda ba za ta karye daga ciki ba, goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, cajin batir, da rubuta sunan biki a jikin katin ɗauka. Akwai wata ƙafar kyamara mai ƙafa uku da ɗayar ta saki, sai an ɗaure ta da robar tayar babur. Ita ce abokiyar tafiyata ta farko. Duk inda muka je ni ke saɓa ta, har kafaɗata ta yi kanta.

Aikin farko da ya bar mini na tace, wani biki ne da aka yi a Mahuta. Na zauna kwana uku ina yanka ina haɗawa. Amarya ta yi hawaye lokacin da mahaifiyarta ke ɗaura mata ɗankwali, na rage gudun hoton, na sa kiɗa mai taushi a ƙarƙashi, har ni kaina sai da na share ido. Akwai wata dattijuwa da ta yi ta giftawa gaban kyamara da tukunya, fuska a ɗaure, na cire ta duk inda ta fito. Kwana biyu da kai musu faifan, sai ga dattijuwar a bakin shago, ta sauko daga babur ƙafafunta duk jar ƙasa. Ashe gwaggon amarya ce, ita ta dafa abincin bikin gaba ɗaya.

"Ina wadda ta ce ban je bikin 'yar ɗan'uwana ba?" in ji ta. "Ko an yi bikin ne a bayana ban sani ba?"

Oga Emeka ya ba ta kujera da ruwa, ya yi ta ba ta haƙuri, ni kuma na mayar da ita cikin faifan, ita da tukunyarta. Da ta tafi ya juyo gare ni.

"Rahila, saurara. A garin nan ba wanda ke kallon fim. Duba mutane suke yi. Wa ya zo, wa bai zo ba, wa ya tsaya kusa da wa, a ƙofar gidan wa. Ke kina ganin haske da kiɗa, su suna ganin dangi."

Na ce na ji. Ban ji ba.

Dole in faɗi inda na fito, don ku gane yadda na yi kuskuren. Ni 'yar Zuru ce ta uwa da uba, amma a bariki na tashi. Babana soja ne, mun zaga garuruwa, sai da ya yi ritaya muka dawo gida. A kasuwar bariki akwai mai hayar littattafan soyayya, kuma ba na jin akwai wanda ya kai ni yi masa ciniki. Har gobe ina karanta su, kuma ba na jin kunyar faɗa. A cikinsu na san saurayi da ke tsayawa a ƙarƙashin bishiya da yamma, da budurwa mai sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. To a cikin duk abin da na karanta, babu labarin da ya kai wanda mamata ke ba ni na golmo. Al'adar mutanenmu ce, saurayi ya tara abokansa su riƙa noma gonar uban yarinyar da zai aura, damina bayan damina, kafin a ba shi ita. A da shekara bakwai ake yi. Yanzu gidaje da yawa sun rage, wasu sun bari, wasu kuma suna nan riƙe da abinsu. Ni da na ji shi daga nesa, soyayya kawai nake gani a ciki. Namiji ya sunkuya shekara da shekaru a cikin rana saboda mace ɗaya. Wane saurayin littafi ne ya taɓa yin haka?

A shekarar ƙarshe malaminmu ya ba mu aiki. Kowa ya ƙirƙiri labarin fim, ya yi masa tiza ta sakan arba'in da biyar. Ya jera mana ƙa'idoji a allo. Kada ka ba da labarin. Kada ka nuna ƙarshe. Ka bar mai kallo da tambaya. Idan hoto zai iya magana, ka rage rubutu. Na kwafe su kamar addu'a, kuma tun kafin in fita daga aji na san fim ɗina na golmo ne.

Jarumar ba ta ba ni wahala ba. Ladi, ƙawata ta ƙungiyar mawaƙan coci, tana da irin fuskar da kyamara ke so, baƙa mai sheƙi, da wushirya, ga wani kallo daga ƙasan ido da ba a koya wa mutum. Jarumin kuwa Bitrus ne, ɗan ajinmu, dogo mai faɗin kafaɗa, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba. Na haɗa masa 'yan ajinmu biyar su zama abokan nomansa.

Ladi tana da wanda za ta aura. Iliya, soja ne, yana can arewa maso gabas. Gidansu Ladi na cikin masu riƙe da al'adar, Iliya ya yi golmonsa damina huɗu da hannunsa kafin ya shiga soja, tun daga nan abokansa ke zuwa gonar a madadinsa. An sa biki bayan girbi. Duk na san wannan. Abin da ban sani ba shi ne nauyinsa.

Da na ce wa Ladi ina neman gona, ta ce, "Ta babanmu tana nan, ya tafi Wasagu gaisuwar rasuwa, sai ƙarshen mako. Amma Rahila, wa zai gani?"

"Malaminmu kaɗai. A aji za a kunna, a kashe, shi ke nan."

"Kin tabbata?"

"Haba ƙawata."

Ɗaukar ta ci mana kwana uku, a watan Agusta, dawa ta kai gwiwa, lokacin huɗa. Gonar tana gindin tudu, a gefenta akwai wani ƙaton dutse da ya tsage biyu, ga ɗorawa ta fito kusa da tsagar. Ina ganin wurin na ce a nan zan kafa kyamara. Na aro kyamarar Oga Emeka da gurguwar ƙafarta, na yi abin mayar da haske da kwali da takardar azurfa. Rana ta farko hadari ya rufe mu, muka zauna a ƙarƙashin ɗorawa muna cin gyaɗa har batir ya mutu a banza. Rana ta biyu iska ta ɗauke kwalin ta kai shi gonar maƙwabta. Bitrus kuwa, Allah ya yafe masa, garma yake ɗagawa kamar mai kashe maciji. A kunya ɗaya ya sare dawa ta kai ashirin. Ladi ta dafe kai.

"Bitrus, ciyawa ake nomewa. Waccan da kake sarewa ita muke ci."

"Ai duk kore ne," in ji shi.

Fitowar da na fi so ita ce ta ruwa. Ladi ta taho da ƙwarya a kan hanyar tsakanin kunyoyi, Bitrus ya miƙe ya share gumi, ta miƙa masa, ya riƙe ƙwaryar bai sha ba, suka kalli juna. Sau goma sha huɗu muka ɗauka. Ko ta fashe da dariya, ko ya zubar da ruwan, ko akuya ta gifta. A na ƙarshe rana ta sauko ta bayan dutsen, hasken ya zuba a gefen fuskarta kamar an shafa mata zuma, ita kuma gajiya ta sa ta yi masa wani kallo mai nauyi. Na riƙe numfashina har ta sauke ido. Na san na samu.

Sai tacewa, kuma a nan ne ku yara ba ku san komai ba. Awa biyu da 'yan mintoci na ɗauko, dole su koma sakan arba'in da biyar. Kowane hoto sai ka tambaye shi me ya zo yi. Na fara da ƙarar garmuna shida suna shiga ƙasa a tare, allo baƙi, ba a ganin komai. Sai dutsen da ɗorawa. Sai bayan samari a jere. Sai ƙafafun Ladi a kan hanya, sai ƙwarya, sai kallon. Sai duhu. A ƙarƙashi na sa waƙar noma ta gaske, wadda na naɗa a wata gona da na tarar da masu golmo suna aiki. Sau uku ana ɗauke wuta kwamfuta na tsakiyar fitar da aikin, ina sake farawa. Mako guda na yi a kan abin da bai kai tsawon gaisuwar safe ba.

Da na kunna wa Oga Emeka, ya kalla sau biyu, ya cire tabarau.

"Ya yi kyau. Gonar wa?"

"Ta Baban Ladi."

"Ya sani?"

"Ai aikin makaranta ne, Oga."

"Ina sunan fim ɗin? Ina sunayen 'yan wasa? Sa rubutu, babba, tun daga farko."

Na ce rubutu zai kashe shi, malam ya ce a bar hoto ya yi magana. Ya ce malamin ba a Zuru zai kwana ba. Na yi murmushi irin na ɗalibar da ta fi ubangidanta karatu.

A aji aka kunna, aka tafa mini. Malam ya ce tawa ta fi ta kowa barin tambaya. Daɗin yabon ya hau kaina, da yammar ranar na tura ta zauren hirar 'yan ajinmu a waya, na manta da alkawarin da na yi, ko kuma na ce wa kaina ai 'yan aji ma aji ne. Daga nan ban san hanyar da ta bi ba. Kafin Lahadi ta shiga wayar masu babur, da matan kasuwa, da ƙungiyar mata ta coci uku.

Ku tsaya ku ga abin da mutanen Zuru suka gani. Ba su ga haske kamar zuma ba. Sun ga tsagaggen dutse da ɗorawa, wanda duk mai bin hanyar nan ya san gonar wa ce. Sun ga samari shida a jere da garma, ana waƙar golmo. Sun ga 'yar mai gonar ta kawo wa na gabansu ruwa da hannunta, kuma na gaban nan ba Iliya ba ne. Babu suna, babu rubutu, babu abin da ya ce wasa ne. A wurin mutanenmu wannan hoton ba ya barin tambaya ko ɗaya. Amsa ce cikakkiya. An karɓe yarinyar daga hannun soja an ba wani.

Maman Ladi ta je sayen daddawa, mai daddawar ta ce mata, "Ashe an canza suruki ba a gaya mana ba? To wannan ɗin dogo ne dai, ba laifi." Maman Iliya ta aiko a tambaya ko ɗanta ya yi laifi ne, da za a wulaƙanta gumin shekara huɗu a waya. Abokan Iliya da ya kamata su zo huɗa a makon suka ce ba za su sa garma inda wani ya riga su ba. Shi kuwa Iliya, wani abokin aikinsa ne ɗan garinmu ya nuna masa a can daji. Ya kira Ladi sau ɗaya. Ya ce, "Na gani." Ya kashe, wayar ba ta sake shiga ba.

Ladi ta zo shago da safe, idanunta sun kumbura. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Malaminmu kaɗai," ta ce. "Haka kika ce mini ko?"

Na fara bayani, wai tiza haka take, wai mutane ne ba su waye ba.

"Rahila, ni ba tiza zan aura ba. Ki tashi mu je wurin Baba."

Mun same shi a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba.

"Ke ce 'yar Saje Yakubu?"

"Ni ce, Baba."

"Ubanki ya yi noma a gonar kakanki, ina cikin waɗanda suka raka shi. Bai gaya miki abin da ake nufi ba?"

"Baba, wasa ne. Fim ne na makaranta, ba gaskiya ba ne."

"To. Ƙasar da suka juya, ita ma wasa ce? Na je na gani. Dawata da aka sare, wasa ce? Garmar wani ta shiga gonata, 'yata ta ba shi ruwa, gari ya gani. Ni yanzu me zan ce wa iyayen yaron nan, da ya bar mini ƙarfinsa a wurin nan ya tafi bakin wuta?"

Na ce zan goge. Ya tambaye ni ko zan iya shiga wayar kowa in goge. 

Na yi abin da duk ɗan makaranta zai yi. Na koma kwamfuta na sa sunan fim ɗin da manyan baƙaƙe, na jera sunayen 'yan wasa, na rubuta cewa wannan shiri ne na ɗalibai, na ƙara da ban haƙuri. Na tura ko'ina. Ba wanda ya tura wa wani. Wannan ma ku rubuta ku ajiye, gyara ba ya tafiya inda ɓarna ta je. Mako biyu aka yi haka. Ciyawa ta fara cin gonar, Ladi ta daina zuwa gwajin waƙa, masu biki biyu suka janye aikinsu daga shagon Oga Emeka, wai ba sa son kyamarar da ke raba aure. Shi kuwa kawai ya mayar da ni naɗe waya. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan, da wadda na'urar ajiyata ta mutu da bikin mutane uku a ciki, da wadda aka daina taron biki a ƙauyuka saboda tsoron hanya, babu wadda ta kai wannan daminar muni.

Ranar wata Alhamis Iliya ya sauka a Zuru. Hutun kwana huɗu aka ba shi, biyu daga ciki na hanya ne. Manya suka zauna, na gidansu da na gidan su Ladi, ban san me aka ce ba don ba a kira ni ba. Da la'asar dai sai ga shi a bakin shago. Gajere ne, ba shi da faɗin kafaɗar Bitrus, rana ta ƙone shi, yana ɗan ɗingishi.

"Ke ce Rahila mai kyamara?"

"Ni ce. Yaya Iliya, don Allah ka yi..."

"Gobe ƙarfe shida. Inda kika tsaya wancan karon, nan za ki tsaya. Yadda gari ya ga wancan, haka zai ga wannan."

Ƙarfe shida na kafa gurguwar ƙafar a gindin dutsen. Ya zo da abokansa bakwai. Ni kuma, da yake hali ba ya barin mutum, na riga na tsara abin a kaina, soja ya dawo daga fagen fama, masoyiya ta tarbe shi da hawaye. Na matsa kusa na ce, "Yaya, idan Ladi ta kawo ruwa, ka ɗan riƙe ƙwaryar, ka dube ta kamar na sakan uku kafin ka sha."

Ya dube ni kamar na yi masa magana da wani yare.

"Noma na zo yi."

Suka sunkuya. Babu sake ɗauka, babu a jira rana, babu a koma baya. Ni ce ke gudu da kyamara ina bin su kunya bayan kunya, laka har idon sawu. Hasken ranar fari fat, mara daɗi, kwalin azurfar ma ban samu damar ɗaga shi ba. Wajen ƙarfe goma Ladi ta taho da ƙwaryar kunu. Na saita, na riƙe numfashi. Ya karɓa, ya kafa kai ya shanye rabi, ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce, "Tsamiyar ta yi yawa." Ita kuma ta ce, "Da ka zauna a can ka sha nasu." Shi ke nan. Ya koma kan garmarsa. Na ji kamar in zauna a laka in yi kuka. Wannan me zan yi da shi?

Sai da na zo tacewa na ga abin da idona bai gani ba a gonar, don lokacin hankalina na kan jiran kallo. Da suka iso kunyar da Bitrus ya yi wa ɓarna, Iliya ya tsaya. Ya ajiye garma, ya je inda dawa ta yi cunkoso, ya ciro 'yan tsirai da ƙasarsu, ya dawo ya durƙusa yana dasa su ɗaya bayan ɗaya a gurbin waɗanda aka sare, yana danne gindin kowace da tafin hannu. A can gefen hoton, a bakin dutsen, Baban Ladi na zaune da sandarsa yana kallo. Da Iliya ya dasa ta ƙarshe, tsohon ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ladi kuma tana tsaye da ƙwarya a hannu, ba kyamara take kallo ba, hannayen nan masu laka take kallo. Sau goma sha huɗu na sa ta yi wa Bitrus kallo, ban taɓa samun irin wannan ba.

Na yanka sakan arba'in da biyar. Na fara da rubutu, babba, yadda Oga Emeka ya ce tun farko: sunan Iliya, sunan mahaifinsa, da gonar da yake nomawa. Sai garmuna, sai dashen, sai tsohon, sai Ladi. Ban sa kiɗa ba, numfashinsu da ƙarar ƙasa na bari. Kafin in saki na kai wa Baba ya gani, na kai wa Maman Iliya ta gani. Ta kalla sau uku, ta ce ɗanta ya rame, sannan ta ce in tura mata. Ita ta fara yaɗa shi. Kafin Iliya ya isa bakin aikinsa, mai daddawa ta riga ta ce wa Maman Ladi ita dama ta san ƙarya ne.

Na nuna wa malaminmu wannan ta biyun. Ya ce rubutu ya yi yawa, babu kiɗa, kuma ba ta bar mai kallo da tambaya ba. Ta farkon ya ba maki. Fim ɗin kansa har yau ban yi shi ba.

An yi bikin bayan girbi. Oga Emeka aka ba ɗaukar bidiyon. Ni kuwa Ladi ta aiko mini da ankon ƙawayen amarya, da saƙo a bakin ƙanwarta, wai in zo da wuri, in bar kyamara a gida. Na je, na yi rawa, hannuna ba komai.

Tun daga lokacin, kafin in taɓa kwamfuta a kan kowace tiza, sai na yi tambaya uku. Wurin nan na wa ne? Yarinyar nan 'yar wa ce? Wa zai ga wannan bai san wasa ba ne? Masu kawo aiki suna jin haushi. Wani mai shirya fim ɗin coci ya taɓa ce mini shi edita ya zo nema, ba mai unguwa ba. Na ce a garin nan aikin ɗaya ne.

Da na gama ba ɗaliban nan huɗu labarin, babbansu ya yi dariya ya ce, "Anti, ai wannan da ne. Namu ba gona a ciki."

Na sa wayarsa a kwamfuta na kunna. Sun iya ɗauka, ba laifi, hannunsu ba ya rawa. Yarinyar da ke zaune a bencina ce a ciki, ta sauko daga bayan babur ɗin wani saurayi da yamma, ya riƙe mata hannu, ta zame a hankali ta tura wata shuɗiyar ƙofa mai zanen tauraro ta shiga. Na tsayar da hoton a kan ƙofar. Na san ta. Duk wanda ya taɓa bin layin bayan makarantar firamare ya san ta.

"Wannan ba gidan tsohon hedimasta ba ne?"

Yarinyar ta ce, "Gidanmu ne, Anti. Babana ne."

"Ya san an ɗauka?"

Ta dubi ƙasa. Mazan suka dubi juna.

Na zare wayar na miƙa mata, ba wa babban nasu ba.

"Ki je ki nuna masa da kanki. Idan ya ce to, ku dawo da sunan fim ɗin da sunayenku duka. Kwamfutar tana nan, ba inda za ta."